Kalangun Baba A Cikin Kwamfuta

Shafi na 17

Idan mutum ya ba ka amana da bakinsa, daga baya bakin ya mutu, sai idonsa ya dawo yana roƙon ka abin da ba za ka iya ba shi ba sai ka ci amanar nan, wa za ka bi? Mai bakin ko mai idon? Na daɗe ina juya tambayar nan ban samo mata amsa ba. Suhaibu ma bai samo ba.

Ranar Laraba ce, an idar da sallar Azahar. Gyadi-Gyadi ta cika da fastocin 'yan takara, don shekara huɗu ke nan da sojoji suka koma bariki, zaɓe na biyu ya ƙarato, kowa yana so a yi masa waƙa. A ɗan shagon da Suhaibu ya liƙe bangonsa da kwalin ƙwai ya kira shi sutudiyo, abokin aikinsa Bilya yana ta fama da waƙar wani mai neman kansila.

"Mutumin nan ya ce sai an sako sunan kakarsa ta wajen uwa," in ji Bilya. "Kansila fa! Ranar da ya nemi ciyaman sai mun tono masa dangi har Damagaram."

Suhaibu bai yi dariya ba. Yana zaune gaban tsohuwar kwamfutarsa, da wata takarda a hannu, wadda ya ninke ya buɗe har ta soma yagewa a tsakiya.

Sallama aka yi a gajarce, aka turo ƙofa ba a jira amsa ba. Yayarsa ce Huraira, nas a asibitin koyarwa, fararen kayan aikinta na leƙowa ta ƙarƙashin hijabi. Kwana shida ke nan mahaifinsu, Malam Isyaku, yana kwance a asibitin. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ya mai jiki?" in ji Bilya.

"Jiki na Allah. Kashe mini wannan hayaniyar."

Bilya ya kashe.

Ba ta zauna ba. Ta matso kan teburin Suhaibu, ta sa 'yan yatsunta ta ƙwanƙwasa katakon. Uku da sauri. Ta dakata. Biyu a hankali, na ƙarshen kamar ba ya son fitowa. Ta sake.

Suhaibu ya saki takardar a kan tebur.

"Ka san shi ke nan," ta ce.

"A ina kika ji?"

"A ƙarfen gadon Baba. Tun shekaranjiya yake yi da hannun hagu. In ya gama sai ya nuna kunnensa, ya kalli ƙofa. Na kawo masa rediyo, ya kau da kai. Na sa masa karatu, ya saurara, da aka gama ya koma ƙwanƙwasawa. Yau da na ambaci sunanka sai ya riƙe mini hannu har sai da na ji zafi. Me kuke ɓoye mini kai da Baba?"

Bilya ya miƙe. "Bari in je in sayo ruwa."

"Zauna," in ji Suhaibu. "Faɗa dai ba a hana ni ba. Ji aka hana."

Ya juya wajen Huraira.

"Taken Inna ne."

"Wace Innar?"

"Innarmu. Hasana. Shi ne kiɗan da ya yi mata tun tana budurwa. In ya biyo ta ƙofar gidansu da kalangu sai ya sako shi a tsakiyar kiɗan mahauta, ba wanda ke ganewa sai ita."

Huraira ta nemi kujera ta zauna. Shekara tara da rasuwar mahaifiyarsu, ba ta taɓa sanin tana da take ba.

"Kai a ina ka sani?"

"A nan ya kaɗa mini. A kan kujerar nan da kike."

"Baba? Baban da ya tuba?"

Shekara arba'in Malam Isyaku ya yi yana yi wa mahautan Tarauni kiɗa. Da aka ƙaddamar da shari'a, ya dawo daga wani wa'azi ya rataye kalangunsa, ya ce shi da kiɗa har abada. Ko sautin talla aka sako a rediyo, fita yake yi daga ɗakin.

"Wata biyar na yi ina roƙon sa," in ji Suhaibu. "Na ce Baba, idan ka tafi da abin nan a hannunka, shi ke nan ya tafi. Wata safiya bara sai ga shi da kalangu a cikin buhun shinkafa. Ya sa na kulle ƙofa. Minti ashirin da huɗu ya yi. Taken sarkin fawa, taken gidanmu, na waɗanda suka mutu, sannan ya rufe da na Inna. Da ya gama ya zaro wuƙa ya farke fatar, ciki da baya."

"Innalillahi."

"Sai ya ɗora hannuna a kan nasa. Ya ce, mutum biyu ne za su ji wannan, ni da kai. Ya ce duk kunnen da ya ji bayan namu, a littafina mala'iku za su rubuta, ko da ina cikin kabari. Ya ce in rantse. Na rantse."

Huraira ta share ido da gefen hijabi, ta miƙe.

"To ai shi yana cikin mutum biyun. Ɗauko mu tafi. Shi yake nema."

Suhaibu bai motsa ba.

"Tashi mana!"

"Babu, Yaya."

"Babu me?"

"Na ɓata shi."

Ya juya fuskar kwamfutar ya nuna mata. Shuɗin allo ne mai layuka a tsaitsaye, kamar littafin lissafin 'yan makaranta. Manhaja biyu ake haɗa kiɗa da su a shagon, ba sa wahalar da kansu da sunayensu na Turanci, da launin allo suke kiran su. Ta Suhaibu Shuɗiya, ta Bilya Baƙa.

"Kin ga layukan nan? Akwai wani maɓalli, in ka danna shi sai ya jawo kowane bugu ya ɗora shi daidai kan layi. Kowace murya kuma ya tura ta kan muryar fiyano mafi kusa da ita. Da shi muke gyara mawaƙan da ba su iya waƙa ba. Na ga bugun Baba yana sauka wani kafin layi, wani bayan layi. Na ce tsufa ne, hannu ya soma rawa. Na ce bari in gyara masa."

"Ka gyara wa Baba kiɗa."

"Eh."

"Kai."

"Eh, ni." Ya sake nuna layukan. "Ashe jinkirin nan shi ne maganar. Kalangu matse shi ake yi a hammata, murya ta hau ta sauka kamar ta mutum. Abin da yake faɗa a tsakanin maɓallan fiyano yake, ba a kansu ba. Da na danna, sai na adana ban saurara ba, don wani ɗan siyasa yana tsaye a kaina yana jiran waƙarsa. Da gari ya waye na kunna, sai na ji kamar ana buga bokiti."

Bilya ya dafe kai. "Wai dama aikin da kake ta ramewa a kansa tun damina, na Baba ne? Kai, Suhaibu! Tun yaushe nake gaya maka? Baƙa ko me ka yi wa sauti, tana ajiye na asali a gefe, kamar uwa mai ɓoye wa ɗanta nama. Taka kuwa a kan na asalin take rubutawa, ko tambayar ka ba ta yi."

"Baƙa ba ta hawa kwamfutata. Minti biyar ta sandare. Da da ita na ɗauka, ko taken sarkin fawa ba za mu gama ba."

"Da ka zo kan tawa."

"Da kai a zaune? Kuma Baƙa ba ta kama sautin fata, kai ma ka sani. Komai sai ta mai da shi kamar roba."

"Gara roba da bokiti."

"Ku dakata mini!" Huraira ta daka musu tsawa. "Ubana yana can yana dukan ƙarfen gado, kuna mini musun Baƙa da Shuɗiya kamar masu cinikin awaki. Ana gyarawa ko ba a gyarawa?"

Suhaibu ya miƙa mata takardar da ke hannunsa.

Mako guda ya yi yana rubuta wasiƙar da ta jawo wannan amsa, da ƙamus a cinya, don Turancinsa a jikin kwamfuta ya koye shi, ba a aji ba. Ya aika wa masu Shuɗiya ta imel. Bai zage su ba. Ya ce manhajarsu ta fi kowace sauƙi a ƙaramar kwamfuta, ta fi kowace jin ganga. Sannan ya roƙe su su sa ta riƙa ajiye sautin asali kamar yadda wata take yi, ko aƙalla ta tambayi mutum kafin ta rubuta a kansa. Ya ce akwai ƙasar da ganga take magana, maɓallin nasu yana yanke mata harshe. A ƙarshe ya tambaya ko abin da ya ɓace yana dawowa.

Wata biyu shiru. Sai ranar Asabar da ta wuce amsa ta zo, ya sa aka buga masa ita a takarda.

Huraira ta karanta a hankali, tana fassarawa da ƙarfi.

"Baturen ya ce su uku ne kacal suke yin manhajar, shi ne ya rubuta maɓallin. Ya ce bai taɓa tunanin akwai kiɗan da gyara yake kashewa ba, ya ba ka haƙuri. Ya ce a sabuwar da za su fitar baɗi za su sa ajiyar." Ta ɗago. "Baɗi. Allah ya kai mai rai." Ta ci gaba. "Ya ce wani lokaci ɓurɓushin na asali yana maƙalewa a cikin aikin. Ka turo masa gaba ɗaya ya duba. Bai yi alkawari ba, cikin goma ɗaya ne. Kuma dole ya yi ta saurare, sau da yawa, shi da abokan aikinsa, don ba su san yadda daidai ɗin yake ba."

Ta ajiye takardar.

"Ranar Asabar ta zo. Yau Laraba. Ka tura?"

"A'a."

"Don me?"

"Na rantse, Yaya."

"Ka yi kaffara! Azumi uku ne. In ciyarwa ce ni zan dafa, in kai har ƙofar masallaci."

"Kaffara tawa ce, ni take wankewa. Shi fa? Ya ce a littafinsa ake rubutawa. Mutum uku, kowa ya ji sau ɗari. Yana kan gargara in ɗora masa wannan?"

"Kai ka yarda zunubi ne? Kai da kake cin abinci da kiɗa?"

"Ban sani ba. Malamai ma ba su haɗu a kai ba. Amma shi ya yarda. Da yana da baki ya yarda."

"Yanzu kuma yana so ya ji."

"Ya ji, shi. Ba Turawa ba."

"To je ka tambaye shi. Ka ce Baba, in tura? In ya gyaɗa kai shi ke nan."

Suhaibu ya zuba mata ido. "Ke nas ce. Gaya mini tsakaninki da Allah. Rannan da likita ya tambaye shi ko yana jin ciwo, me ya yi?"

Ta kau da kai, sai shi ya amsa.

"Ya gyaɗa kai. Da ya ce ko ciwon ya tafi fa?"

"Ya gyaɗa," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Kome aka ce masa gyaɗawa yake yi. In na tambaye shi a haka, ba izini na karɓa ba, sata na yi, na sa shi ya riƙe mini tsani."

Bilya ya gyara murya. "Akwai Sani na bakin kwata, yaron Baba ne a da. Yaya ta ƙwanƙwasa masa, ya kaɗa, mu ɗauka a Baƙa, in sa masa ɗan ƙura ya yi kamar tsoho. Wa zai sani?"

"Baba zai sani tun a bugun farko," in ji Suhaibu. "Shekara goma yana cewa hannun Sani kamar na mai daka sakwara."

"To kai masa na bokitin," in ji Huraira. "Ko banza hannunsa ne."

"Ba hannunsa ba ne, nawa ne. Kina so abin da zai ji na ƙarshe a duniya ya zama taken Inna da na karya wa ƙafa? Ya mutu yana zaton haka ya kaɗa?"

"Wannan ba za ka yi ba, wancan ba za ka yi ba. Me za ka yi?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Tun kana yaro haka kake. A ba ka rake ka zauna kana tunanin ta wane kai ya halatta a fara sha, har ya bushe a hannunka. Kai kana nan kana auna zunubi da lada, ni nake tsaye a kansa. Ni yake kallo. Ni nake ce masa Suhaibu yana zuwa."

Ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Babban likita ya kira ni gefe da safe. Bai ce mako ba, Suhaibu. Kwanaki ya ce."

"Ba zan tura ba, Yaya."

"Allah ya ba ka ladan amana," ta ce, ta ja ƙofar.

Da La'asar, lokacin da ake barin 'yan dubiya, ya shiga ɗakin marasa lafiya. Kwana biyu rabonsa da zuwa. Ya tarar da tsohon ya ƙara zubewa, bakinsa ya karkace, hannun daman da mahautan Tarauni suke yi wa liƙi yana yashe a kan zanin gado kamar ba nasa ba.

"Baba, sannu. Ni ne."

Idon Malam Isyaku ya buɗe. Bai kalli fuskar ɗansa ba. Hannuwansa ya kalla, na dama, na hagu. Ya kalli aljihun rigarsa. Ya leƙa bayansa ko wani ya biyo shi da kaya.

Ba komai.

Sai tsohon ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya kamo damtsen Suhaibu, ya jawo shi ya cusa a hammatarsa. Ya matse. Ya saki. Ya matse, ya ɗan jinkirta, ya saki. Leɓɓansa suna motsi, ba abin da ke fita sai iska. Suhaibu yana jin ƙashin haƙarƙarin mahaifinsa a jikin hannunsa, yana kuma jin kowace kalma ta taken, daidai inda take hawa da inda take sauka, ba sauti ko ɗaya.

Ƙarfin ya ƙare kafin taken ya ƙare. Hannun ya sulale. Tsohon ya nuna kunnensa, ya jira.

"Baba..." in ji Suhaibu.

Malam Isyaku ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya juyar da kansa wajen bango.

Huraira tana tsaye a ƙarshen gadon da tiren magani.

Bai san lokacin da ya fita daga asibitin ba. Ya dai ga kansa a shago yana kwafe aikin a faifai, Bilya yana tambayar sa ina zuwa. Ya tari ɗan acaɓa zuwa shagon intanet na Alhaji Lawan da ke Tarauni, don nan ne kaɗai layi yake iya ɗaukar abu mai nauyi.

"A'a, sarkin makaɗan kwamfuta!" in ji Alhaji Lawan daga bayan kanta. "Yau ma wasiƙar Turawan za a duba? Ko sun ce za su kai ka can ne?"

"Aike zan yi, Alhaji. Mai nauyi ne."

"To ka yi addu'a kada layi ya yanke. Lamba huɗu babu kowa."

Ya zauna. Ya cire wayar lasifikar daga jikin kwamfutar tukuna, kada wani abu ya fita. Ya sa faifan. Ya buɗe wasiƙar Baturen, ya bi hanyar da ya ba shi ta turawa. Wani siririn layi ya fito yana cika kaɗan-kaɗan, kamar ana ɗura mai da cokali. Minti arba'in yana kallon sa. A cikin minti arba'in ɗin nan ya lissafa komai. Ko an dace, Baturen sai ya yi kwanaki. Ko ya yi sauri, ɗaya ne cikin goma. Ko ɗayan ya faɗo, wa zai gaya masa ya dawo daidai, shi da bai taɓa jin Hausa ba? Ta kowace fuska ya duba, asara ce. Ya ci amana, kuma mai yiwuwa a banza.

Layin ya cika. Saura maɓalli ɗaya. Kafin a danna shi, ba abin da ya bar Kano.

Ya rubuta da guntun Turancinsa: ku fara da minti uku na ƙarshe, sauran kada ku ji in ba dole ba. Ya ɗora yatsa.

Wayarsa ta salula ta ɗau ƙara a aljihu.

Ya zaro ta da hannun hagu. Huraira ce. Huraira da ba ta kira, sai dai ta yi filashin a kira ta. Wannan karon ba ta katse ba.

"Malam, ɗauki wayarka mana, ta dame mu," in ji na kusa da shi.

Idan ya ɗauka ta ce an yi rasuwa, babu sauran dalilin turawa, amana ta tsira, shi ma ya tsira. Idan ta ce yana nan yana ƙwanƙwasawa, zai koma cikin tunani, kuma ya san kansa, ba zai fito ba.

Wayar ta katse. Ta sake ɗaukar ƙara.

"Baba, ka yafe mini," ya ce. "In akwai rubutu, a rubuta a nawa."

Ya kifa wayar a kan tebur tana ta kuka, ya danna.